Gauta da Gautan Kura: Zumuntarsu da Bambancinsu



Gabatarwa

Abin da za mu yi magana a kansa yau, tsire-tsire ne guda biyu waɗanda da wuya a sami wanda ya tashi a ƙauyen ƙasar Hausa bai san su ba. Na farko shi ne gauta, wanda muke shukawa a fadama da bayan gida, mu sa shi a miya da fate, har ma in idon mutum ya kaɗa mukan ce ya yi ja kamar gauta. Na biyu kuwa shi ne gautan kura, wanda ba mai shuka shi, sai dai a gan shi ya fito a kufai, ko bakin burtali, ko makiyayar da dabbobi suka cinye ƙarƙaf. Ɗaya abinci ne, ɗayan kuwa dafi ne, alhali sunansu ɗaya, kuma masana kimiyyar tsirrai sun tabbatar da cewa gidansu ɗaya.

Tambayoyin da za mu yi ƙoƙarin amsawa uku ne. Na ɗaya, mene ne ya haɗa su? Na biyu, me ya raba su, har ya zama ana cin ɗaya ana gudun ɗaya? Na uku, wane amfani sanin wannan zai yi wa malamin gona, da malamin asibiti, da malamin dabbobi, da ɗalibin da zai gaje su gobe?

Iyalin da suka fito

Masana sun kasa tsirrai iyali-iyali, kowane iyali sun raba shi gida-gida, kowane gida kuma yana da jinsuna a cikinsa. Iyalin da tsirranmu biyu suka fito shi ne wanda ake kira Solanaceae da harshen Latin, kuma yana da jinsuna fiye da 2,500. Cikinsa ne ake samun tumatir, da dankalin Turawa, da barkono, da tattasai, da attaruhu, da taba, da zaƙami. Dankalin Hausa kam ba ya cikinsu, suna ne kawai ya haɗa shi da na Turawa. In mun duba wannan jeri za mu ga abinci da dafi sun daɗe suna zaune tare a wannan iyali.

Gida mafi girma a cikin iyalin shi ne Solanum, wanda jinsunansa sun haura 1,200, kuma a nan gauta da gautan kura suke. Masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa wa gautan kura suna Solanum incanum a shekarar 1753, sa'an nan a 1756 ya raɗa wa gauta Solanum aethiopicum. Kalmar incanum tana nufin abu mai furfura, saboda launin toka-toka na ganyensa. Kalmar aethiopicum kuwa tana nuni ga ƙasashen baƙar fata na Afirka, don a wancan zamani Turawa ba Habasha kaɗai suke nufi da wannan suna ba.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi a nan. Tumatir da barkono da taba da dankalin Turawa duk baƙi ne a wurinmu, asalinsu nahiyar Amurka, kuma ba su ƙetaro teku ba sai bayan shekarar 1492. Gauta kuwa ɗan ƙasa ne. A Afirka aka fara noma shi, kuma kakanninmu suna miya da shi tun kafin su san launin tumatir.

Su ma Hausawa suna da tasu hanyar rarrabe tsirrai. In tsiron daji ya yi kama da na gida amma ba ya ciwuwa, sai su jingina shi ga wata dabba ko ga daji, alal misali albasar kura, da albasar kwaɗi, da rogon daji, da gautan kaji. Ashe ke nan sunan gautan kura yana ɗauke da bayani biyu, watau zumunta da gargaɗi. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya tattara irin waɗannan sunaye cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda aka buga a 1916, kuma har yanzu masu bincike suna komawa gare shi.

Gauta: asalinsa da ire-irensa

Gauta ya samo asali ne daga wani tsiron daji mai suna Solanum anguivi, wanda yake fitowa a wurare masu danshi na Afirka. 'Ya'yan wannan tsiro ƙanana ne, ba su fi ƙwayar gurjiya ba, suna fitowa a cure, masu ɗaci ƙwarai, in sun nuna su yi ja, tsuntsaye su ci su watsa irin. Manoman da, shekara bayan shekara, sai suka riƙa ajiye irin wanda 'ya'yansa suka fi girma, ɗacinsa ya fi sauƙi, ƙayarsa kuma ta fi ƙaranci. Da tafiya ta yi tafiya sai aka sami gautan da muka sani. Har yau in aka haɗa gauta da wannan kaka nasa suna barbarar juna ba wuya, su ba da iri mai haihuwa, wannan kuwa babbar shaida ce ta kusancinsu.

Cikin shekarun 1980 wani masani na Jami'ar Birmingham ta Ingila, Richard Lester, tare da abokan aikinsa, suka nuna cewa tsirrai da dama da aka ba sunaye daban-daban duk jinsi ɗaya ne, suka kasa su rukuni huɗu. Rukuni na farko shi ne Gilo, mai ganye da gashi, wanda ake nomawa don 'ya'yansa, farare ko koraye ko masu zane, wasu zagayayyu wasu masu siffar ƙwai. Na biyu shi ne Kumba, na ƙasashen Sahel, mai faffaɗan ɗa da tsaga-tsaga kamar ƙaramar kabewa, ganyensa sumul, ana cin ɗan ana cin ganyen. Na uku shi ne Shum, wanda ganyensa ake bukata, kuma ya yawaita a Kamaru da Yuganda. Na huɗu shi ne Aculeatum, mai ƙaya, wanda akan shuka a wajen Afirka don ado. Sunayen da muke amfani da su, wato gauta da yalo da ɗata, sukan sassaɓa daga gari zuwa gari, amma galibi yalo shi ne mai sauƙin ɗaci da ake ci ɗanye, ɗata kuwa ƙarami ne mai tsananin ɗaci.

Gauta bai tsaya a ƙasar Hausa ba. Ibo suna tarbar baƙo da shi kamar yadda ake yi da goro, a Gana yana cikin manyan kayan miya, a Sanigal kuwa da wuya a dafa shinkafa da kifi ba tare da shi ba. Ya ƙetara zuwa Barazil a zamanin cinikin bayi, inda suke kiransa jilo. Har a kudancin Italiya akwai wani gari, Rotonda, da ya shahara da noman jan gauta wanda aka kai can daga Afirka.

Wajen noma, akan yi rainon irin a kwami, a dasa bayan kamar wata ɗaya ko sati shida, a fara tsinka bayan wata biyu zuwa uku da dashe. Ana tsinkar 'ya'yan tun ba su nuna ba, domin in suka yi ja fatar takan yi tauri, 'ya'yan cikin su ƙosa. Yawan tsinka kuma yana sa uwar ta ci gaba da fure. Kusan kashi 90 cikin 100 na ɗan gauta ruwa ne, saboda haka ba abinci ne mai sa ƙiba ba. Ganyen ire-iren da ake cin ganyensu ya fi 'ya'yan sinadarin gina jiki da na ƙarfafa ƙashi da na ƙarin jini nesa ba kusa ba.

Gautan kura: siffarsa da mazauninsa

Gautan kura ƙaramin itace ne mai shekara da shekaru a raye, tsayinsa yakan kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Jikinsa da ganyensa a lulluɓe suke da gashi mai laushi, wanda in aka duba shi da madubin ƙara girma za a ga kowane ɗaya yana da rassa kamar tauraro. Wannan gashi shi ke ba ganyen launin toka, kuma yana rage zafin rana da ƙafewar ruwa daga jikin ganyen. Akwai ƙayoyi a reshe, da jijiyar ganye, har da hular da ke riƙe da ɗan. Saiwarsa tana nitsawa ƙasa sosai, shi ya sa akan gan shi da ɗanyen ganye a lokacin da ciyawa ta bushe.

Ana samunsa a busassun ƙasashe, tun daga Afirka ta Yamma, ta Chadi da Sudan da Habasha, zuwa ƙasashen Larabawa har Pakistan. A da, akan tara tsirrai masu yawa na gabashi da kudancin Afirka a ƙarƙashin wannan suna. A shekarar 2013 ne Sandra Knapp ta Gidan Tarihin Halittu na Landan, tare da Maria Vorontsova da Jaime Prohens, suka warware wannan ruɗani, suka ware jinsunan ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ɗalibin da ya karanta tsohon rahoto daga Kenya ko Tanzaniya a kan Solanum incanum, sai ya yi hattara, mai yiwuwa ɗan'uwansa ne ake nufi, wato Solanum campylacanthum.

Yadda za a bambance su

Tsarin furensu iri ɗaya ne. A tsakiyar kowane fure akwai 'yan jakunkuna rawaya masu ɗauke da ƙurar barbara, kuma bakinsu ɗan ƙaramin rami ne a can ƙarshe. Furen ba shi da ruwan zuma, sai wasu ƙudaje dangin zuma su kama jakunkunan su girgiza su da ƙarfi, ƙurar ta zubo. Haka nan kowanensu yana da kuromosom 24 a cikin ƙwayar halittarsa, daidai da tumatir. Amma duk da haka, kama da wane ba ta wane ba ce, ga alamomi huɗu da ke raba su.

Alama ta farko ita ce fure. Na gauta ƙarami ne, galibi fari, na gautan kura kuwa ya fi girma, launinsa shuni-shuni. Bugu da ƙari, kusan kowane furen gauta yana iya zama ɗa, amma a gautan kura furen da ke gindin zangarniya ne kaɗai yakan haihu, sauran maza ne, aikinsu ba da ƙurar barbara. Alama ta biyu ita ce ƙaya, domin gautan da muke nomawa galibi ba shi da ita. Ta uku ita ce launin ganye, na gauta kore ne sosai, na gautan kura toka-toka. Ta huɗu ita ce ɗan. Na gautan kura zagayayye ne sumul, faɗinsa kamar santimita 3, yana ɗanye kore ne mai dabbare-dabbare, in ya nuna ya zama rawaya. Na gauta kuwa ƙarshen nunarsa ja ne.

Sai dai kada a dogara ga launin ɗa shi kaɗai. Ɗanyen gautan kura yana kama da ƙaramin yalo mai zane, kuma shi gauta yakan ratsa ta launin ruwan ɗorawa kafin ya yi ja. Wanda yake son tabbaci sai ya dubi uwar, in ya ga ƙaya da ganye mai furfura da fure shuni, to, ya janye hannunsa.

Ɗaci da dafi

Yanzu mun zo ga zuciyar maganar. Tsirran gidan Solanum suna ƙera wasu sinadarai masu ɗaci don kare kansu daga ƙwari da cututtuka da dabbobi, waɗanda masana ke kira gilaiko-alkaloyid. Na farko da aka gano a cikinsu shi ne solanin, wanda wani mai haɗa magunguna Bafaranshe, Desfosses, ya tace daga 'ya'yan wani ɗan wannan gida a shekarar 1820. A cikin gautan kura, manyan sinadaran su ne solasonin da solamajin.

Ɓarnar da suke yi a jiki iri biyu ce. Da farko suna manne wa fatar ƙwayoyin halitta su huda ta, shi ya sa wanda ya ci yakan ji zafi a maƙogwaro, da murɗar ciki, da amai, da gudawa. Na biyu, suna hana aikin wani sinadari da ke tsayar da saƙon jijiya bayan ya isa, sai a ga dalalar miyau, da jiri, da rawar jiki, in abin ya yi tsanani har da wahalar numfashi. Dafuwa ba ta kashe su, domin zafin tafasasshen ruwa bai isa ya wargaza su ba. Ɗanyen ɗa kuma ya fi nunanne yawan dafi.

Shi ma gauta ɗacinsa alama ce ta ragowar irin wannan kariya, sai dai zaɓen iri da manoma suka yi ya rage ta zuwa gwargwadon da ba ta cutar da mai ci. Watau ke nan bambancin abinci da dafi a wannan gida, bambanci ne na yawa. Dankalin Turawa ya isa misali. Lafiyayyen dankali ba ya cutarwa, amma in ya sha rana ya yi kore, ko ya fara tsiro, solanin yakan ƙaru a cikinsa. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kada ya wuce miligiram 200 a kilo ɗaya. Wani rahoton likitoci da aka buga a 1979 ya ba da labarin yara 78 na wata makaranta a kudancin Landan da suka kwanta ciwo bayan cin dankalin da ya daɗe a ajiye, aka kwantar da 17 daga cikinsu a asibiti. Wannan darasi ne ga duk mai kula da ɗakin ajiyar abinci na makarantar kwana ko asibiti.

Dabbobi galibi suna ƙyamar gautan kura saboda ƙaya da ɗaci. Amma a ƙarshen rani, in makiyaya ta ƙare, yunwa takan sa tumaki da shanu su ci, sai a ga kumburin ciki da dalala da zawo. A nan akwai wani abin lura. Tun da dabbobi suna cinye sauran ciyayi su bar shi, yakan yaɗu a duk inda kiwo ya yi yawa. Don haka yawan gautan kura a makiyaya shaida ce cewa an ɗora wa ƙasar nauyin da ya fi ƙarfinta, kuma sare shi kaɗai ba ya magani sai an bar wurin ya huta.

Amfanin gautan kura

Kada a ɗauka daga abin da ya gabata cewa gautan kura ba shi da wani amfani. Masu maganin gargajiya a ƙasashe da dama suna aiki da shi wajen ciwon haƙori da cututtukan fata irin su makero, kuma binciken ɗakin gwaji ya nuna sinadaransa suna kashe wasu ƙwayoyin cuta. A Habasha ana jima da 'ya'yansa, a wasu wurare kuma ana daskarar da madara da ruwansa. Har ila yau, daga waɗannan sinadarai ana samun solasodin, wanda masana'antu ke iya sarrafawa su yi magunguna dangin kotizon. Sai dai abin da ya kashe ƙwayar cuta a kwalba yana iya kashe ƙwayar jikin mutum, kuma ƙarfin dafin yakan bambanta daga tsiro zuwa tsiro, saboda haka ba a iya auna shi da ido ko da cokali.

Babban amfaninsa a yau yana wajen kyautata iri. Akwai wani ɗan gidan, Solanum melongena, watau babban yalon nan mai launin shuni da aka fara nomawa a Asiya, wanda duniya ke noma fiye da tan miliyan 50 nasa kowace shekara. Abin mamaki shi ne, gautan kura ya fi gauta kusanci da wannan yalo na Asiya. In aka haɗa su sukan ba da iri mai haihuwa, alhali haɗin gauta da yalon Asiya galibi juya yake fitarwa, sai da dabarun ɗakin gwaji. Masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Balansiya a ƙasar Sifen sun yi amfani da wannan kusanci, suka shigar da sassan gadon gautan kura cikin yalon Asiya, suna neman jure fari da sauran halaye. A Italiya kuma an ɗauko juriyar ciwon yaushi na Fusarium daga gauta aka sa wa yalon Asiya. A shekarar 2019 aka buga taswirar ƙwayoyin gadon gauta, aka sami ɗimbin waɗanda ke da alaƙa da jure cuta. Ashe abin da muke takawa a bakin hanya, wasu suna can suna ajiye irinsa a ɗakin sanyi.

Abin da ya rage gare mu

Ga malaman gona, aikin farko shi ne tattara ire-iren gauta da yalo da ɗata da ke hannun manoma, tare da sunayensu da halayensu, kafin irin kanti ya kore su. Yawancin wannan iri yana hannun mata da tsofaffi ne, a ƙulle cikin tsumma ko a rataye a rufin ɗaki, kuma in mai shi ya kau, sau da yawa irin yakan bi shi. Akwai wuraren da za a kai, kamar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da aka kafa a Ibadan a 1975, wadda take da reshe a Bagauda ta Jihar Kano.

Ga malaman asibiti da malaman makaranta, a koya wa yara, musamman masu kiwo, alamomin nan huɗu da muka lissafa. In yaro ya ci gautan kura, a kai shi asibiti ba tare da jiran alamun ciwo ba, a tafi da reshen tsiron da ɗansa don likita ya gani, kada kuma a tilasta masa amai. A hana ɗiga ruwansa a ido ko shan jiƙonsa. Ga malaman dabbobi da masu kula da makiyaya kuwa, su riƙa lura da yaɗuwarsa, su sa shi cikin rahotonsu tun ƙasa ba ta gama lalacewa ba.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa gauta da gautan kura 'yan gida ɗaya ne, tsarin furensu ɗaya, adadin kuromosom ɗinsu ɗaya, makamin kariyarsu ma iri ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne, gauta ya ratso ta hannun manoman Afirka waɗanda suka rage masa ƙaya da ɗaci, gautan kura kuwa ya zauna a daji da makamansa cikakku, tare da juriyar fari wadda noma ke bukata a yau. Ina fata ɗaliban da ke nan, in sun koma garuruwansu hutu, za su tambayi iyayensu sunayen ire-iren gautan da ake shukawa a can, su rubuta, su kawo wa malamansu tare da ɗan irin kowanne.